Duniya Juyi-Juyi? Muhawara Daga Tsibiri Zuwa Ɗan Saga

A damanar 2019 na kai wa kawuna ziyara a Tsibirin Gobir. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai ga mata uku sun zo wucewa, kowace da ƙunshi a ka, ɗaya da goyo, ɗaya tana jan yarinya da hannu, taɓo ya bushe musu a ƙafa har ƙauri. Harshensu irin namu ne, askar da ke fuskar babbarsu ma irin ta gidanmu ce. Mutanen ƙasar Sabon Birni ne, ɓarayin daji suka tashe su, suka tsallako iyaka daga Najeriya. Kawu ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya ce, "Ɗana, wannan hanyar ba yau ta fara ganin Bagobiri da kaya a ka ba. Da haka aka kafa garin nan. Duniya juyi-juyi ce, abin da ya tafi shi ke dawowa."

Bayan kaka na je ƙauyenmu na wajen uba, a ƙasar Agye, na tarar da Gwaggo tana faskaren kalgo a tsakar gida. Cikin hira na ba ta labarin matan nan da abin da Kawu ya ce. Ta aje gatari, ta share zufa da gefen zane. "In ka koma ka gaishe shi, ka ce ban yarda ba. In komai dawowa yake yi, ina tafiyar itacen da muka sha muna ƴammata? Mu fita da asuba, sai rana ta take tsaka mu dawo da ɗan ƙirare. Kara da kashin shanu muka yi girki da su shekara da shekaru. Wannan itacen jiya aka saro shi a gonar bayan gida. Dubi jikata, ba ta ma san ana dafa tuwo da kashin shanu ba."

Tun daga ranar maganganun nan biyu suke kokawa a raina. Kowannensu abin da idonsa ya gani ya faɗa. Gardamar kuma ta girme su nesa ba kusa ba, domin mutanen Girka, waɗanda littattafan Larabci ke kira Yunanawa, sun tafka ta fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, suka bar mana hujjojin da za mu iya ɗorawa a sikeli ɗaya da abin da ya faru tsakanin Gidan Rumji, Agye da Gazawa.

Waɗanda suka fi kowa zaƙewa su ne almajiran Zeno, wanda ya riƙa karantarwa a wata rumfa ta bakin kasuwar Atina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har sunan rumfar ya bi makarantarsa, Larabawa na ce musu Ruwaƙiyyun. A wurinsu duniya takan ƙone ƙurmus bayan wani dogon zango, ta sake tsirowa daidai yadda take, mutum da mutum, rana da rana. Suƙurat zai sake zuwa, a sake gurfanar da shi gaban alƙalai, a sake miƙa masa guba. Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Musulmi ya san duniya tana da farko tana da ƙarshe, rai ɗaya aka ba kowa, hisabi ɗaya ke jiransa. Imamu Gazali ya yi wa masu cewa duniya ba ta da mafari raddi a Tahafutul Falasifa, tun kafin shi kuma Agustin, malamin Kirista na Afirka ta Arewa, ya yi watsi da wannan zagaye a littafinsa Birnin Allah. Kawu ma ba haka yake nufi ba. Bai ce matar da ta wuce kakarsa ce ta dawo ba.

Abin da yake nufi ya fi kusa da maganar Tukididis, mutumin Atina da ya rubuta tarihin yaƙin garinsu da Isparta, wanda aka fara a 431 kafin haihuwar Annabi Isa, aka shekara 27 ana gwabzawa. Ya ce ya rubuta ne domin mai son fahimtar abin da ya wuce, saboda irinsa zai sake aukuwa muddin halin ɗan Adam yana nan yadda yake. Da ya zo kan rikicin cikin gida na tsibirin Karkira, inda maƙwabci ya yanka maƙwabci, ya nuna cewa cikin zaman lafiya da ƙoshi mutane sukan yi hankali, amma yaƙi in ya ƙwace musu abincin yau da gobe sai ya koya musu mugunta. Kamannin abin sukan sake da sakewar zamani, jijiyarsa kuwa ɗaya ce.

A nan hujjar Kawu tana da nauyi, kuma sai an ba ta haƙƙinta. Alƙalawa ta faɗa hannun mujahidai a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Kafin nan Katsina ta riga ta faɗi, Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, ragowar gidan sarautar suka bi Ɗan Kasawa har suka kafa wata Katsinar a Maraɗi. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk suka kwanta dama a fagen. Waɗanda suka tsira ne, ƙarƙashin Mayaƙi, suka kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi. Daga baya wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Tattaɓa-kunnen mutanen ƙasarsa ne na gani a ƙofar zauren Kawu, sun biyo sawun kakanninsu a juye, tsoro na kora su kamar yadda ya kori na farko.

Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gazawa a watan Janairu 1851. Ya tarar da gari cikin kafi da gwalalo, mutane na barci da ido ɗaya saboda hari. Daga nan zuwa Katsina ya ratsa dajin da ba kowa, ayari na tafe a dunƙule don tsoron mahara, har ya wuce kufan Ɗankama. Sa babur a gurbin doki, sa bindiga mai aman wuta a gurbin kwari da baka, sa kuɗin fansa a gurbin kasuwar bayi. Wanda ya san labarin Barth, sannan ya zauna ya saurari mutanen Gidan Sori ko na bakin iyakar Madarunfa a yau, dole gabansa ya faɗi. Dajin da ke tsakanin hukuma biyu, kowace na ganin na ɗayar ne, shi ya ɓoye mahara jiya, shi ke ɓoye su yau. Kafin 2019 ta ƙare hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya fiye da mutum dubu 40 da suka shigo jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina. Daga baya aka kwashe wasunsu zuwa Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori don a nisanta su da iyaka.

Sai yunwa, wadda tsofaffinmu ke ƙirga shekaru da ita kamar yadda ake ƙirga sarakuna. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Farin 1973 da 1974, wanda ya cinye dabbobi ya kuma ci gwamnati, domin ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani, cikin dalilan da sojoji suka kawo har da yadda aka yi da abincin agaji. Ta 1984, wadda a nan aka raɗa wa suna El-Buhari, saboda Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakar Najeriya, rumbuna suka ƙare ba hanyar shigo da hatsi. Ta 2005, ta 2010. Sai ga shi a watan Agusta 2019 mutumin nan dai, wannan karo da farar hula, ya sake rufe iyakar nan dai har Disamba 2020. Ba a gama farfaɗowa ba juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jawo takunkumin da ya sake garƙame ta. Ɗan kasuwar Gazawa da ya ga rufewar nan uku da idonsa, da wace fuska za ka ce masa jiya ba ta dawowa?

A fagen mulki babu wanda ya tsara wannan tunani kamar Polibiyus. Yana cikin manyan Girkawa dubu da Rumawa suka kwashe garkuwa zuwa Rum a 167 kafin haihuwar Annabi Isa, ya shekara 17 a can yana kallon yadda daular ke haɗiye maƙwabtanta. Yana tsaye kusa da kwamandan Rumawa Sifiyo ranar da aka ƙone birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, a 146, kuma daga gare shi aka ji cewa mai nasarar ya zubar da hawaye, domin ya hango ranar da za a yi wa Rum haka. A littafi na shida na tarihinsa ya ce mulki zagaye yake yi. Sarki adali ya kafa gari, ƴaƴansa da suka tashi cikin daula su zama azzalumai. Manyan gari su kore su, su yi mulkin dattako, ƴaƴan manyan su mai da gari gonarsu. Talakawa su tashi su karɓe, jikokin talakawan nan, da ba su ɗanɗani zalunci ba, su raina ƴancin da suka gada, a saye su da kyauta da ciye-ciye, gari ya rikice, har wani mai ƙarfi ya sake tattara kowa a tafin hannunsa. Ibni Khaldun, da ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya iso kusan wuri ɗaya ta tasa hanyar: daula tana da kwanaki kamar mutum, zuriya uku, wajen shekara 120, ta farko ta sha wuya ta gina, ta biyu ta ga ƙarshen wuyar, ta uku ta manta. Ba sai mun je nesa ba. Jihadi bai ma ƙare ba Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu abokan tafiya sun karkata ga dawaki da riguna da tara dukiya, ransa ya ɓaci har ya bar runduna da niyyar Makka, mutanen Kano suka tsai da shi. Nijar kuwa ta ga juyin mulki biyar, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, kowane ya zo da alkawarin gyara.

Duk da haka Gwaggo ma tana da Girkawa a bayanta. Aflatun ya jera yadda mulki ke lalacewa mataki-mataki a littafinsa Jamhuriya. Almajirinsa Aristo, wanda shi da ɗalibansa suka tattara tsarin mulkin garuruwa 158, ya duba ya ce jerin bai riƙe ba: gari kan tsallake mataki, wani kan koma baya, kowane da nasa dalili. Tun kafin su Hiraklitus ya yi misali da kogi, cewa ƙafa ba ta shiga ruwa ɗaya sau biyu. Gulbin Maraɗi ya isa shaida. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Madarunfa, Maraɗi, Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya, da damana ya cika, da rani ya ƙafe. Mai kallo sama-sama zai ce ga zagaye nan ƙarara. Amma ambaliyar 1945 ta tashi tsohon garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu, bai koma ba har yau. Madatsar Jibiya ta zo ta sauya yadda ruwa ke isowa fadamunmu, wannan ma bai koma yadda yake ba.

Babbar hujjar Gwaggo dai ita ce itace, kuma labarinsa ya cancanci a zauna a kansa. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 ta ɗora hannun hukuma a kan itatuwa, gwamnatocin bayan ƴancin kai suka ci gaba a kan haka. Manomi na iya shan tara don ya sare reshen gawon da ke tsakiyar gonarsa. To wa zai rena abin da zai zame masa shari'a? Da ka ga tsiro sai ka tumɓuke shi tun ma'aikacin gandun daji bai gani ba. Ga gyaɗa da ake ta kwaɗaita wa mutane a faɗaɗa mata gonaki, ga garmar shanu da ba ta son kututture, har gona mai tsabta ƙal ta zama alamar manomin ƙwarai. Fari ya zo ya ƙarasa abin da ya saura. A farkon shekarun 1980 kana iya tsayawa a wasu gonakin ƙasar Agye ka hangi ƙauyen gaba ba abin da ya tare ka. Iska kan binne hatsi da rairayi yana ɗan tsiro, a yi shuka sau uku sau huɗu kafin ta kama. Ayyukan raya karkara suka yi ta renon dashen baƙin itatuwa a leda ana rabawa, akasarinsu ba su ga rani na biyu ba.

A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya tsaya a hanyar rairayi don ya rage wa tayoyin motarsa iska. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi da ya saba wucewa, ya matsa ya duba ganyen, ya gane cewa itace ne da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa, kowace shekara tana turo rassa, kowace shekara ana sassabe su. Aikin renon irin wannan kututture ba shi da wuya, na sha ganin Gwaggo tana yi: ka durƙusa gaban kututturen kalgo ko sabara ko geza, ka duba cikin rassa ashirin ko talatin da suka fito, ka zaɓi ƴan ƙalilan miƙaƙƙu masu ƙarfi, ka datse sauran da kaifin adda, ka share wa waɗanda ka bari ƙananan rassan ƙasa. Tunda saiwar ta riga ta kai ga laima, girmansu ya fi na dashe sauri nesa. Manoma suka raɗa wa abin suna sassaben zamani.

A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci a ƙauyuka wajen ɗari: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Aka rena itatuwa kusan dubu 500. Da rabon ya ƙare aka sare kusan kashi biyu cikin uku. A riƙe wannan, zan dawo kansa. Amma kashi ɗayan da ya tsira ya yi wa kansa shela. Masu shi suka ga hatsinsu bai ragu ba, iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki, ga harawa, ga sandunan gini na sayarwa. Gawo kuwa, wanda ke kaɗe ganye da damana ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani ya zubo wa tumaki ƴaƴa, kowa ya san yadda zangarniya ke cika a ƙarƙashinsa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A ƙasar Agye aikin da asusun raya noma na FIDA ya tallafa ya taimaka wa ƙauyuka suka kafa kwamitocin tsaron itace. Na Ɗan Saga ya yi suna har ƙasashen waje, domin an zaunar da maza da mata da Fulani makiyaya a tabarma ɗaya, aka yi dokar gari a kan wanda ya sari itacen wani, aka buɗe kasuwar itace ta ƙauye. Da masu bincike irin su Chris Reij, Gray Tappan da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou suka gwama tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, suka kiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Na san abin da Kawu zai ce a nan, kuma ya faɗa mini da na kai masa saƙon. "To ai ta tabbatar da maganata. Da akwai itace, ya tafi, ya dawo." Yana da madafa. Manoman Magariya da Matamaye sun daɗe suna renon gawo tun kafin a haifi kowane mishan, ana kuma ba da labarin tsananin hukuncin Sarkin Damagaram Tanimun a kan mai sare shi. Aristo kansa ya ce sana'o'i da ilmi an gano su an ɓatar ba sau ɗaya ba. Amma ni a ganina zagayen yana wani wuri dabam. Zagayen shi ne kututturen da ke tohowa kowace shekara a sassabe shi kowace shekara, shekara talatin, shekara arba'in, da ba a taɓa shi ba da har yau haka yake yi. Abin da ya katse shi hannu ne da ya bar reshe biyar, da kuma amincewar manomi cewa itacen nasa ne. Wannan amincewa ta fara ne a aikace, lokacin da hannun ma'aikatan gandun daji ya sassauta, dokar 2004 ta matso kusa da ita, dokar 2020 kan sassaben zamani ta tabbatar wa mai reno haƙƙinsa. Dajin da ya tafi na kowa ne kuma ba na kowa ba. Wanda ya zo yana tsaye a gonar mutum da sunan mai shi. Wannan sabon abu ne.

Haka yunwa. Fari kam yana dawowa, wannan tsarin Ubangiji ne a ƙasar Sahel, kuma Suratu Yusuf ta riga ta koya mana cewa shekarun ƙoshi da na fari suna bin juna, ta kuma nuna abin da mai hankali ke yi a tsakani. Amma 2005 ba 1984 ba ce. Giɓin damanar 2004 bai kama ƙafar na 1984 ba. Hatsi na nan jibge a kasuwanni, farashin tiya ne ya ninka ya fi ƙarfin talaka, manomin da ya sayar da arha da kaka don biyan bashi ya dawo saye da tsada da bazara. Jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ta fi kowace cika da yara masu tamowa, gwamnatin Tanja Mamadu tana musun cewa akwai yunwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinyar yara fiye da dubu 60 a shekarar, akasarinsu a gida, da kwaɓin gyaɗar nan da iyaye mata ke kira biskit, abin da ba a taɓa yi da wannan yawa ba a ko'ina. Gidajen da ke da itace suka sayar da itace da harawa suka sayi tiya. A 2010 gwamnatin Salu Jibo ta fito fili ta nemi agaji da wuri. Sama ɗaya ce a duk waɗannan shekaru. Abin da ya kai yaro kabari ko ya tsame shi yana hannun ɗan kasuwa, da mai ba da bashi, da mai mulki, da mai rufe iyaka. Shi ya sa nake jin zafi in na ji an ce duniya juyi-juyi a wurin da ya kamata a tambayi wane ne ya ɓoye hatsi.

Sai dai in faɗa wa Gwaggo abin da ba za ta so ji ba: rashin dawowar jiya ba kullum yake zama albishir ba. Mutanen Nijar ba su fi miliyan 3 da ɗoriya ba a 1960. Ƙidayar 2012 ta samu miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai miliyan 3 da dubu 400. Saura, gonar da ake bari ta huta shekara biyar ko goma, ta zama labari a Agye da Gazawa. Gandu ya tsattsage tsakanin magada har wani rabon bai ciyar da gida wata uku, gamanar mata, ƴar gonarsu ta kansu, ita ake fara karɓewa in wuri ya ƙure. Burtali ya matse. A Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin gona da kiwo ya ci rayukan Fulani fiye da ɗari a watan Oktoba 1991, akasarinsu mata da yara, kuma har yau tsikar jikina na tashi in na tuna. Mayaƙi da mutanensa da suka tsere daga Gawakuke sun tarar da kurmi suka sare suka kafa birni. Matan da suka wuce ƙofar Kawu ba su tarar da taku ɗaya na ƙasa marar mai shi ba. Aflatun ma, duk da son zagayensa, da ya zo bayanin tuddan Atina a littafinsa Kiritiyas ya ce ruwa ya wanke ƙasa mai kyau bayan dazuzzuka sun tafi, ya bar duwatsu kamar ƙasusuwan majinyaci, bai kuwa yi alkawarin za ta dawo ba.

In an matsa mini in zaɓa, ina bayan Gwaggo. Abin da ido ya gani a Ɗan Saga ya isa ya hana ni yarda cewa an ɗaure mu a turke muna kewaya shi. Amma tsorona daga wurin Kawu na samo shi, kuma Polibiyus ne ya nuna mini inda yake. Abin da ke juya zagayensa haihuwa ce: zuriyar da ta gaji alheri ba ta ga wuyar da ta haife shi ba. A littafinsa Timayus Aflatun ya kawo wani limamin Masar yana gaya wa Solon, dattijon Atina, cewa Girkawa kullum yara ne, domin duk lokacin da ambaliya ta zo takan tafi da masu sani, na baya su fara daga farko ba su san an taɓa yi ba. Mu namu kundin yana cikin kawunan tsofaffi ne, kowace jana'iza da abin da take binnewa. Yarinyar da Gwaggo ta nuna mini tana alfahari, wadda ba ta san wutar kashin shanu ba, ita ce zuriya ta ukun da Ibni Khaldun ke magana. Mutanen da suka sare kashi biyu cikin uku bayan 1984 sun ga yunwar da idonsu, duk da haka suka sare. Ina ga wanda bai gani ba, ga Maraɗi na ta girma tana neman itace da gawayi, ga amalanke na yawo da dare, ga gonar da ta rage ba ta kai ta riƙe gida ba? Kawu ya rufe maganarmu da cewa, "Ka ce mata Allah Ya sa ta fi ni gaskiya. Amma ka tambaye ta wa zai riƙe hannun jikar jikarta."

Na kai mata wannan ma, da bazarar da ta biyo, lokacin sassabe. Ba ta ce komai ba. Washegari da sassafe ta kira yarinyar, ta miƙa mata ƙaramar adda, muka nufi gonar bayan gida. Suka durƙusa gaban wani kututturen sabara, Gwaggo na nuna mata wanda za ta bari da wanda za ta datse. Yarinyar ta ce, "Kaka, me ya sa ba za mu sare duka ba, mu huta da zuwa?" Gwaggo ta zauna a kan rairayi ta miƙe ƙafa, ta fara ba ta labarin shekarar El-Buhari: yadda suka jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, yadda aka tona gidan tururuwa ana neman tsaba, sunan ƙanenta da aka binne a hanyar Maraɗi. Rana ta ɗaga kafin ta gama. Yarinyar ta tashi ta datse rassan, ta bar huɗu, ta yagi bakin tsohon ɗankwalinta ta ɗaura wa mafi tsawo a cikinsu.